Kafin A Yi Wa Ɗanka Aikin Baki Ko Na Fuska

Ya kai mai gida, da ke uwar gida, wannan 'yar takarda taku ce. An rubuta ta domin mutanen ƙasar Boɗinga da ta Shagari, tun daga Sifawa har Kajiji da ƙauyukan da ke kewaye. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a gindin bishiya, ko a cikin gida inda mata za su ji.

Magana biyu muke so ka riƙe. Ta fari, in ciwo ya kama baki ko muƙamuƙi ko fuska, a gaggauta zuwa asibiti. Ta biyu, in an isa asibiti, kada a gaggauta likita. Mutanenmu da yawa sun juya abin. Sai su yi wata da watanni a gida suna jiƙo da shafe-shafe, ran da suka isa asibiti kuwa suna so a yi aiki a ranar, su kwana gida. In likita ya ce sai an auna, sai an jira, sai ransu ya ɓaci, su ɗauki mara lafiya su tafi. A ganinmu wannan kuskure ne babba, yakan kuwa jawo asarar rai. Ga dalilanmu.

Ciwon da ke kai mutum ga likitan muƙamuƙi

A cikin likitocin fiɗa akwai waɗanda sana'arsu ita ce baki da haƙora da muƙamuƙi da ƙasusuwan fuska. Akwai su a Sakkwato, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Abubuwan da suka fi kai mutanen karkara wurinsu guda biyar ne.

Na ɗaya, ruɓaɓɓen haƙori wanda ya tara mugunya. In kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa, ya yi tauri, har harshe ya ɗaga, haɗiyar miyau ta gagara, to wannan ba na kwana ba ne. Yana iya toshe hanyar numfashi cikin dare guda.

Na biyu, karayar muƙamuƙi. Yawanci faɗuwa daga kabu-kabu ke kawo ta, ko harbin jaki, ko faɗowa daga bisa itace. Alamarta, haƙoran sama da na ƙasa su daina haɗuwa yadda suka saba. Mai ɗori yana ƙoƙari a kan hannu da ƙafa, amma muƙamuƙi ba ya ɗauruwa da kara da tsumma. Likita kan ɗaure haƙoran da waya har mako 4 zuwa 6, ko ya haɗa ƙashin da ɗan ƙarfe.

Na uku, kumburin muƙamuƙi mai girma a hankali, shekara da shekaru, ba zafi. Rashin zafin shi ke ruɗin mutane. Yana ƙarami kamar goro ana cire shi da sauƙi. In ya kai kamar goriba ko ya fi, sai a cire ƙashin tare da shi. Akwai kuma wani kumburi mai saurin girma da ke kama muƙamuƙin yara, wanda wani likita mai suna Denis Burkitt ya bayyana a ƙasar Yuganda a 1958. Shi wannan da allurai ake maganinsa, ba da wuƙa ba. Ka ga ashe ba kowane kumburi ake yankawa ba, sai an bincika an san irinsa.

Na huɗu, jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ramin ganɗa. Ba laifin uwa ba ne, ba kuwa baki aka yi mata ba. Ana ɗinke shi ya yi kyau.

Na biyar, shi ne wanda ya fi damun ƙasarmu, watau zaizayar baki.

Zaizayar baki

Likitoci suna ce da ita noma. Ba noman gona ba ne, kalma ce ta mutanen Girka mai nufin cinyewa, domin ciwon cinye naman fuska yake yi. Waɗansu mutanenmu suna ce da shi ciwon iska, waɗansu ciwon daji. Ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman yaron da aka yaye ba shi samun abinci mai gina jiki, ko wanda ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro.

Yakan fara da dasashi. Sai ya yi ja, yana jini in an taɓa, bakin yana wari, yaro yana zubar da miyau, ya ƙi abinci. Bayan 'yan kwanaki kunci ya kumbura, jiki ya yi zafi. Sa'an nan wani baƙin tabo ya fito a kuncin, naman wurin ya mutu ya zube, ya bar rami. Duk wannan yana iya aukuwa cikin mako biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 10 da ciwon ya kama ba a yi musu magani ba, har 9 suna iya mutuwa.

Ciwon nan ba na iska ba ne. Ƙwayoyin cuta ne na cikin baki suke samun ƙarfi sa'ad da jikin yaro ya raunana, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga shaida. A dā akwai wannan ciwo a ƙasashen Turai. Da abinci ya wadata, tsabta ta yaɗu, sai ya ɓace musu. Da aka yi Yaƙin Duniya na Biyu, aka tsare mutane da yunwa a sansani, sai ga shi ya komo. Iska ba ta gudun tuwo, amma wannan ciwo yana gudunsa. Har wa yau ba a ɗaukarsa daga wani, saboda haka kada a ware yaro ko a ɓoye shi a ɗaki.

In an kai yaro tun ciwon yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau sun isa. Ba wuƙa, ba tabo. Wannan shi ne dalilin maganarmu ta fari.

Mutanen Boɗinga da Shagari kun yi sa'a da kusanci. A 1999 aka buɗe Asibitin Yara na Noma a Sakkwato, a 2014 kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta shiga taimaka masa. Masu wannan ciwo kyauta ake yi musu magani da aiki. Daga jihohi masu nisa ake kawo yara, ku kuwa hanyar mota ɗaya ce ta bi ta Shagari, ta bi ta Boɗinga, ta shiga birni. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Nijeriya ce kuwa ta jagoranci neman a yi haka. Duniya ta waiwayo. Saura kai mai gida ka duba bakin ɗanka.

Me ya sa likita ba ya yin aiki nan take?

Manomi ba ya shuka ran da ya ga hadari, sai ya tona ya ga ruwa ya shiga ƙasa. Haka likita. Kafin ya taɓa wuƙa, tilas ya san abu uku: mene ne ciwon, ko jikin zai ɗauki maganin barci, ko kuma raunin zai warke bayan an ɗinke.

Maganin barci ni'ima ce babba. Kafin 1846 mutum yana farke ake yi masa fiɗa, ƙarti suna danne da shi. A shekarar nan ce, a birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani mutum magani a gaban likitoci, aka cire masa kumburi a wuya bai ji zafin wuƙa ba. Amma maganin da zai sa mutum barcin da ba ya jin yanka, lalle mai ƙarfi ne. Ana auna shi bisa nauyin mutum da ƙarfin zuciyarsa da huhunsa. Shi ya sa ake bincike. Binciken nan rabin aikin ne, sau da yawa ma shi ke raba wanda zai farka lafiya da wanda ba zai farka ba.

Tambayoyin likita

Da fari za a zauna da kai a yi ta tambaya. Yaushe ciwon ya fara? An taɓa yi masa aiki? Akwai wanda maganin barci ya taɓa ba wahala a danginku? In ya yanke, jini yakan daɗe bai tsaya ba? Yana da sikila, ko fuka, ko farfaɗiya, ko ciwon suga, ko hawan jini? Akwai maganin da in ya sha jikinsa kan yi borin jini ko ya kumbura? In mace ce, tana da juna biyu?

Za a kuma tambaye ka abin da aka ba shi a gida. A nan ne mutane suka fi ɓoyo, don tsoron faɗa. Kada ka ɓoye. Jiƙo ne, ko sassaƙe, ko tsimi, ko ƙwayar da aka saya a kasuwa, faɗa duka, in da hali ka zo da ragowar. Waɗansu magunguna, kamar asfirin, suna hana jini daskarewa. Waɗansu suna gajiyar da hanta da ƙoda, su ne kuwa ke fitar da maganin barci daga jiki. Saurayin da ke shan taba ko ƙwayoyin ƙarfin aiki shi ma ya faɗa, ko da a keɓe ne, mahaifinsa ba ya wurin. Likita ba alƙali ba ne, asirinka kuwa amana ce a hannunsa.

Yana da kyau wadda ta fi sanin yaron, watau uwarsa ko kakarsa, ta zo da kanta. Sau da yawa uba ne ke amsa tambaya, alhali uwa ce ta san daren da zazzaɓi ya fara da abin da yaro ya ci.

Awo da ɗibar jini

Bayan tambaya sai awo. Za a ɗora shi a ma'auni, a auna tsawonsa da kaurin damtsensa. Za a saurari ƙirjinsa, a duba idonsa da tafin hannunsa ko sun yi fari. Za a ce ya buɗe baki. Babban mutum mai lafiya yatsunsa uku kan shiga tsakanin haƙoransa. Wanda noma ta bar wa tabo, sau da yawa muƙamuƙinsa a ƙulle yake, ko cokali ba ya shiga. Wannan babban abu ne ga mai ba da maganin barci, domin ta baki ko ta hanci yake zura bututun da mutum zai yi numfashi da shi lokacin aiki. Tilas ya san hanyar tun da wuri, ya shirya kayansa. Haƙori mai girgiɗa ma sai an san da shi, kada ya fita ya faɗa maƙogwaro.

Sa'an nan a ɗauki hoton ƙashi, a ga iyakar inda ciwo ya ci. In kumburi ne, akan yanki ɗan ƙanƙanin nama a kai ɗakin bincike, amsar kuwa takan ɗauki kwanaki.

Sai ɗibar jini. Mun sha jin ana cewa, yaro ba shi da jini, ga shi kuma suna ɗiba. Abin da ake ɗiba bai fi cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, jiki kuwa yana mayar da shi. Da shi ake gane ko jinin ya isa, ko akwai zazzaɓin cizon sauro, ko sikila, ko ciwon hanta, da kuma rukunin jinin, don in an bukaci ƙari a sami wanda ya dace. Fuska wuri ne mai yawan jijiyoyin jini, aikinta yakan zubar da jini. In an ce dangi su ba da jini, kada ku watse ku bar uwa ita kaɗai a bakin ƙofa. Namiji lafiyayye ya ba da leda ɗaya ba abin da zai same shi.

"Mun je an ce mu komo"

Wannan ita ce ƙarar da muka fi ji, ba kuwa za mu ce ba ta da tushe ba. Kuɗin mota yana da wuya. Barin gona da damina yana da wuya. Uwa ta bar sauran yara da dabbobi ta zauna asibiti, ba ƙaramin abu ba ne. Mun san haka. Amma a dubi dalilan jiran.

In yaro yana da tamowa, naman da aka ɗinke ba ya kamawa. Ɗinkin sai ya ruɓe ya buɗe, ramin ya fi na dā girma, naman da za a yi gyara na biyu da shi kuma ya ƙare. Saboda haka akan fara ciyar da shi har ya yi nauyi, jininsa ya hau. In yana tari da majina, ko zazzaɓi, akan ɗaga aikin har ya warke, domin maganin barci a kan huhu mai mura yana iya shaƙe yaro.

Mai noma kuwa ba a yi masa gyaran fuska sa'ad da ciwon ke ci. Sai an kashe cutar, raunin ya warke sarai, tabon ya zauna, wannan kuwa watanni ne masu yawa. Waɗansu yara ma sai sun ƙara girma. Gyaran kansa sau da yawa ba a gama shi a zama ɗaya, akan ɗebo fata daga goshi ko ƙirji ko wani wuri a rufe ramin, a jira, a sake komowa. Jariri mai tsagaggen leɓe akan jira ya kai kamar wata 3, nauyinsa ya kai wajen kilo 5. Ramin ganɗa kuwa sai wajen shekara guda. Amma a kai shi tun makon haihuwa, don a koya wa uwa yadda za ta shayar da shi kada ya rame.

To, wanne ya fi sauƙi, zuwa uku a sami aiki mai kyau, ko zuwa ɗaya a komo da gawa? Likitan da ya ce a jira ba wulakanta ka ya yi ba. In ba ka gane dalilin ba, tambaye shi, hakkinka ne ya yi maka bayani da Hausa. Ka kuma roƙi a rubuta maka ranar komowa a kati, ka adana katin inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba.

Amma fa a lura. Kumburin da ya toshe numfashi, da jinin da ya ƙi tsayawa, da mummunan rauni na haɗari, waɗannan ba a jira da su. Ko tsakar dare ne a nemi mota.

Sa hannu

Ba a yi wa mutum aiki sai da yardarsa, yaro kuwa sai da yardar iyayensa. Za a gaya maka abin da za a yi, da abin da ake tsoro, sa'an nan ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. Takardar nan ba ta nufin ka sallama ran ɗanka, shaida ce cewa an yi maka bayani ka yarda. Kai mai zuwa cin rani, kafin ka tafi ka bar izini a gida. Ka gaya wa matarka da ƙanenka, in yaro ya kamu a kai shi asibiti, ba sai an jira ka ba. Ka bar lambar wayar da za a same ka. Ciwon da ke cin kunci cikin mako biyu ba zai jira ka komo daga kudu ba.

Daren aiki

Ga dokar da aka fi karyawa, ita ce kuwa ta fi haɗari. Za a ce kada mara lafiya ya ci kome kafin aiki. Abin da aka saba shi ne, a daina abinci awa 6 kafin lokaci, nonon uwa awa 4, farin ruwa awa 2. Fura da kunu da koko da nonon shanu duk abinci ne, kada a ce ai ruwa-ruwa ne. In ma'aikatan asibiti sun faɗi wani lokaci dabam, nasu za a bi.

Dalili shi ne, mai barcin magani ba ya iya tari, ba ya iya haɗiya. In akwai abinci a cikinsa, yana iya tasowa ya gangara huhu, ya ƙone shi ko ya toshe shi. Yaro zai yi kuka da asuba, zuciyar uwa za ta karaya, kaka za ta ce a ba shi ko loma ɗaya ce a ɓoye. Ke uwa, daure. Goya shi, rarrashe shi. Yunwar safiya ɗaya ba ta kisa, loma ɗaya kuwa a wannan lokaci tana iya yi. In kuwa an riga an ba shi, ko ya ɗauka da kansa, a faɗa wa nas nan da nan. Iyakacin abin da zai faru a ɗaga aikin. Kunyar faɗa ba ta kai zaman makoki ba.

Bayan aiki

Fuska za ta kumbura kwana biyu ko uku, wannan ba abin tsoro ba ne. A ba shi abinci mai ruwa yadda aka umarta, a riƙa wanke bakin. Kada a shafa wa ɗinki toka ko man shanu ko garin magani. Wanda aka buɗe wa muƙamuƙi za a koya masa motsa baki kullum, da zafi, amma in ya bari bakin zai sake ƙullewa, wahalar duka ta tashi a banza. A koma ran da aka sa, ko da ana ganin ya warke.

Abin da za ka yi tun yau

1. Kowane mako ka ɗaga leɓen yaranka ƙanana a cikin haske, ka duba dasashi. In ka ga ja, ko jini, ko ka ji wari, a kai shi asibitin da ya fi kusa a ranar.

2. A wanke bakin yaro safe da dare, da asuwaki mai laushi ko buroshi. In babu man goge baki, ruwan ɗumi da ɗan gishiri ya yi.

3. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6. Bayan haka a ƙara masa kunun gyaɗa, da wake, da ƙwai, da kifi, da zogale. Kada a sayar da waken gida duka a bar yara da tuwo tsura.

4. A yi wa yaro allurar ƙyanda yana wata 9, a maimaita yana wata 15. A kwana cikin gidan sauro, a kuma karɓi maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa yara da damina.

5. Kada a bari a tsaga kumburin fuska, ko a ƙona shi, ko a cire haƙori a kasuwa.

6. In akwai wanda noma ta bar wa tabo a ƙauyenku, yaro ko babba, ko shekara nawa ya yi da shi, a gaya masa ana gyarawa a Sakkwato. Dagatai da masu unguwa da limamai su taimaka da sanarwa.

7. In kun isa asibiti, ku faɗi gaskiya duka, ku yarda da awo, ku yi haƙuri da jira, ku kiyaye dokar hana abinci.

Yaro amana ce a hannunka, shi kuwa ba ya iya kai kansa asibiti. Fuskar da zai shiga makaranta da ita, ya shiga kasuwa, ya nemi aure, tana hannun wanda ya duba bakinsa da wuri, ya kuma saurari likita. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya. Amin.